Kujerar Baba Nomau

Ran nan wani saurayi ya kawo mini aksin babur ɗinsa, sandar ƙarfen da taya ke juyawa a kai, zaren bakin ya cinye, ekuru, wato noti, sai juyawa yake banza. Na cika wurin da sudur, wato walda, na ɗaure ga mandaran, bakin injin da ke riƙe ƙarfe, na rage, na yanka mishi sabo. Kafin a zuba shayi na biyu aiki ya ƙare. Ya juya ƙarfen a hannu ya ce, "Baba, ashe injin ke yin komi, kai kallo kawai kake." Na yi dariya har da tari. Ban ji haushi ba, don wanda ya koya mini aikin nan ma, da gemunsa fari fat, bai san iyakar abin da yake yi ba sai da shekarar fari ta tona. Ku da ke ganin aikin tur, injin sassaƙa ƙarfe, tsayuwa ce da danna maɓalli, ku matso ku ji.

Tur ɗinmu tsoho ne, ya girme ni. Baba Nomau ya taho da shi daga Abijan sa'ad da ya gaji da biɗa, wato ci-rani, ya komo Tawa, ya kafa rumfarsa bayan tasha. Ɗan maƙera ne gaba da baya, ubansa hauya da gatari yake ƙira a wani ƙauye wajen Kalfu. Shi kuwa ya ce zuga-zugi ya ishe shi, ƙarfe mai sanyi zai sassaƙa. A hanyar tahowa akwati guda ya ɓace, wanda ke ɗauke da giyoyin ƙarfe masu haƙora da ke sa tur ya yanka zare da kansa. Zaren da nake nufi shi ne wanda ekuru ke bi a jikin bulon, ƙusar nan mai murɗi, 'yan lakkwal, masu boko, na ce mishi filtaj. Tun da giyoyi sun tafi, sai anka koma ga kan filyar.

Kan filyar wani dunƙulen ƙarfe ne mai rami a tsakiya, da haƙora huɗu masu kaifi cikin ramin. Ana soke shi ga pupe, wato ƙaton ƙarfen nan da ke zaune a wutsiyar tur yana zamewa bisa gadon injin. Sanda na juyawa a mandaran, kai kuwa ka kwance birkin pupe, ka turo shi har haƙora su kama bakin sandar. Da sun kama, sai su riƙa cin ƙarfe suna jan kansu gaba, pupe na biye. In an kai iyaka, kan ya buɗe da kansa ya saki sandar. A baki kam ba wuya. Amma pupen namu ba na wasa ba ne. Ran da munka sauke shi don wanki mu uku munka ɗaga, ɗayanmu ya yi kwanaki ana shafa mishi man zafi a baya.

Aikin farko da na ga Baba ya yi da shi aksin amalanken jaki ne na wani mutumin Barmu. Daga bayansa na hango, don a zamaninmu aparanti, yaro mai koyon aiki, ba ya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da maigidansa. Bayansa kake tsayawa da gwangwanin mai, in ya ce zuba ka miƙo hannu ka zuba, ka ja da baya. Tambaya kuwa rashin kunya ce, abin da idonka ya sato shi ne naka. Ni ko Allah ya yi ni da shegen son sanin dalili. Ina yaro na taɓa warware rediyon kawuna don in ga inda mai labaru ke zaune, na sha kashi, bai kuwa hana ni ba. Don haka idona kullum yana kan hannun Baba: yadda ya riƙe, yadda ya tura, lokacin da ya saki. Shi gajere ne, ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta tun wani injin da ya faɗo mishi a Abijan, ko'ina ya tsaya sai ya sami abin jingina. Amma zarensa in ya fito sai ka ce an zana. Ekuru da yatsa biyu yake tafiya har ƙarshe, ba ya rawa kuma ba ya cijewa.

Da na kwana biyu a rumfar, yakan jefo mini guntayen ƙarfe in gwada. Tur ɗaya, haƙora ɗaya, mai ɗaya, amma nawa zaren sai ya fito siriri kamar wanda ya yi jinya, wani wurin ma a yage. Na yi aure, na haifu, na iya kowane aiki na rumfar har Baba kan bar mini ita ya tafi jana'iza, ban da wanga. Sau ɗaya na kasa daurewa na ce, "Baba, mi ke sa nawa ke ramewa?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Hamidu, tura ka saki. Zare shi ke jan kayansa. Saura hannu ne, shi kuwa ba a aronsa."

Na koma ina ta tauna maganar. Ai ina turawa, ina kuma saki.

Ana nan sai babban ɗansa ya zo ganin gida daga Abijan, ya shigo rumfar ya tarar da tsoho tsaye kan ƙafa ɗaya da rabi, mu majiya ƙarfi muna kai da komo. Kunya ta kama shi. Ya ce mutane za su ce ubansa na da ɗa a Kurmi amma ko wurin zama ba shi da. Kafin ya koma ya sa anka yi wata doguwar kujera mai majingini da katifa, da wurin ɗora ƙafa, anka kafa ta gaban tur. Maƙwabta sunka zo suna sa albarka. Baba ya ɗan yi gunaguni, amma wa ke maida kyautar ɗa a gaban jama'a? Ya hau ya zauna, ya kuwa ji daɗinta, don kumburin da ƙafar ke yi da marece ya ragu. Ni kaina na yi murna.

Bulon ɗin wata mai injin niƙa shi ya fara dawowa. Matar ta ajiye shi gaban Baba ta ce kwana biyu kacal ya yi ya zare. Baba ya ce ƙarfen ne ba shi da kyau, ya yi mata wani. Shi ma ya dawo. Sai na masu lambu, sai na wani direba da ya tsaya bakin hanya yana faɗa wa duk mai wucewa. Baba ya wasa haƙora, ya canza mai, ya canza tabarau. Zare dai sai fitowa yake siriri, irin nawa sak. Shekarar kuwa ruwa ya yi gardama, hatsi ya bushe tun bai yi kai ba, aikin ma ba ya shigowa balle a yi wasa da ɗan wanda ya shigo. Wata safiya ya kira ni ya ce, "Hannun ya mutu, Hamidu. Gara in bari da mutuncina." Ashe har ya yi magana da wani mutumin Ƙonni da ya daɗe yana zawarcin tur ɗin, an shirya zai zo da mota ran kasuwar Lahadi ya ɗauka. Abin ya dame ni, ba don abincina kaɗai ba. Mutumin da ba ya iya wuni bai taɓa ƙarfe ba, in ya koma gida ya zauna, na san abin da zai biyo baya.

Cikin makon nan Agali ya iso. Buzu ne makiyayi daga arewacin Affala, tsohon mai kawo mana aiki. Kun san maƙera da Buzaye abokan wasa ne tun kaka da kakanni, shi da Baba in sun haɗu sai an toshe kunne. Ran nan kam sallama ya yi ƙasa-ƙasa, ya zauna. Rijiyoyinsu sun ƙafe, pompo guda ya rage wa zangonsu da dabbobinsu, sandar cikinsa kuma ta karye. Da ƙyar ya samo sabuwa ta inoks, farin ƙarfen nan da ba ya tsatsa, ta ɗan fi tsawon da ake so, baki ɗaya ke bukatar zare. Filyar ta hannu da muke da ita ba ta cin inoks, sulɓi take yi. Wanda zai iya a kan tur kuwa, in ba nan ba sai an yi doguwar tafiya, dabbobi ba za su jira ba.

Baba ya ce, "Agali, kai ta wani wuri."

Agali ya ce, "Ina ne wani wurin?"

Baba ya hau kujera, ya yi bisimilla, ya tura ya saki. Da kan ya buɗe ba sai an kawo ekuru ba, ido ma ya gani. Na yanke bakin da ya lalace, tsawon ɗan yatsa ya tafi. Ya sake, haka. Na sake yankewa. Ya sauko ya ce zai je sallar azahar, ya fita bai dubi kowa ba.

Ni na tsaya, na ce ruwa ba ya tsami banza. Hannun Baba na san shi fiye da fuskar matata, kuma yadda yake turawa yau haka yake turawa tun ran da na zo, ba rawa ba kasala. To mi ya canza? Na cire haƙoran na duba su ga haske, lafiya lau. Na shafa gado ko ya ci, sumul yake. Na ɗauki tsumma ina goge pupe, ba don yana da datti ba, don in hannuna na aiki kaina ya fi tafiya. Nan na ga abin da na yi shekaru ina gani ban gani ba. Duk jikin pupen fenti kore ne, sai wuri guda a bayansa, faɗin tafin hannu, inda fentin ya tafi ƙarfe ya yi santsi kamar bayan cokali. Ba nan ake kamawa ba, ba nan ake ajiye makulli ba. Mi ya goge shi? Kuma ga shi yanzu ya fara dushewa, tsatsa ta ɗan hau, alamar abin da ke goge shi ya bari.

Na ture kujerar gefe, na tsaya inda Baba ke tsayawa da. Wurin ya zo mini ga ƙugu. Na ɗan rage tsawo, na karkata hagu yadda yake karkata, sai ga kwiɓina ya zauna daidai a kan santsin. Sai na tuna Inna, matarsa, da mitar da take yi cewa duk rigunan aikinsa a gefen hagu suke baƙi, a nan kuma suke fara yagewa. Ashe hannu na saki, amma jiki bai taɓa saki ba. Ƙafar ta gaji ya jingina, pupe na tafiya yana bin sa, nauyinsa na ɗauke wa haƙora jan wannan uban ƙarfe. Ni da nake da ƙafa biyu lafiyayyu, in na saki na saki ke nan, sai siririn zare ya yi ta jan abin da mutum uku ke ɗagawa. Jinginar kuwa kowa na ganinta, mun ɗauka ta gurgu ce kawai.

Faɗa wa maigida ga yadda yake aikinsa ba ƙaramin abu ba ne. Da ya dawo na durƙusa na ce, "Baba, in an yarda in nuna wani abu." Na nuna mishi santsin, na nuna gefen rigarsa. Ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa ya shafa wurin.

"Kana nufin shekarun ga duka ana yabon hannuna, ashe gurguwa ce ke aikin?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, ni dai abin da na gani ke nan."

Ya ce, "Ikon Allah! To mu gani."

Ya tsaya da ƙafarsa, ya kafa kwiɓi, ya ta da inji. Amma yanzu ya san yana yi. Na ga yana lissafi da fuska, yana dannawa da gangan. Haƙora sunka shiga da ƙarfi fiye da kima, ƙarfe ya yi kuka, zaren ya fito a cakuɗe. Ya kashe inji ya ce, "Ka gani? Da ba ka faɗa mini ba ban sani ba, yanzu da ka faɗa ban iya ba." Na yanke bakin, na gwada tsawon da tsohuwar sandar da Agali ya zo da ita. Abin da ya rage daidai yake cif. In wanga ya lalace, sanda ta gajarce ke nan, Agali ya koma hannu wofi, tur kuma ya tafi Ƙonni.

Abin ya ɗaure mini kai. Ƙaƙa mutum zai manta abin da anka gaya mishi yanzun nan? Sai na tuna ba a taɓa yanka zare a rumfar nan cikin shiru ba, sai cikin watannin nan. Da, Baba yana yi yana gardamar kokowa ko farashin hatsi da duk wanda ke zaune, kansa ma ba ya kan aikin. Na ja Agali waje na ce ya taimaka ya tsokane shi.

Ya dube ni kamar na zautu. "Shanuna na faɗuwa, kai kana ce mini in yi wasa?"

Na ce, "Wasan shi ne ruwan, in dai kana son sa. Kuma kada ka tausaya mishi."

Ya gyara rawaninsa har kan hanci, munka koma.

Bayan la'asar Baba ya ɗaure sandar, ya tsaya, hannu a kan maɓalli ya kasa dannawa. Agali ya miƙe ƙafa bisa tabarma ya ce, "Ni dai laifin kakana nake gani. An ce mishi kada ya sayi maƙeri a Kalfu, ya ƙi ji. Akuya guda ya bayar a kan kakanka, ita ma mai ido ɗaya, har ya mutu yana cewa an cuce shi."

Na ga kunnen Baba ya motsa.

Agali ya ce, "Ga shi jikan ma sai an yi mishi gadon sarauta kafin shi yi aiki. Bawa da kujera! Duniya ta ƙare."

"Kai!" in ji Baba, ya juyo da kai. "Kai da ba ka san ruwa ba sai cikin shayi, mi za ka yi da pompo? Rabonka da wanka tun ran sunanka!" Yana faɗa hannunsa ya danna, inji ya tashi. "In ba don maƙera ba da mi za ku yi takobin da kuke ratayawa kuna tsorata kaji?"

"Takobin da ka yi mini ai ko albasa ba ta yankawa."

"Don ba ka biya ba! Buzu ya taɓa biya?"

Hannu ya tura, haƙora sunka kama, hannu ya saki don ya nuna Agali da yatsa. Ina zuba mai, idona ba ya kan hannu wannan karon. Na ga ƙafar ta gaji, jikin ya karkata a hankali ya sami wurinsa. Ba turawa yake ba, ba kuma tsaye yake ba, rakiya ce kawai, pupe ya matsa shi ma ya matsa. Ɓawon ƙarfe na fitowa dogo yana nannaɗewa, ba ya gutsurewa. Suna cikin maganar wata raƙuma da Agali ya yi alkawari tun kafin a haife ni, sai kan ya buɗe, ƙas!

Na goge bakin sandar, na miƙa wa Baba ekuru, ya ƙi karɓa, ya ce in sa da kaina. Na ɗora, na murza da yatsa biyu, ya tafi sumul har ƙarshe. Agali ya ɗauki sandarsa ya rungume, ya buɗe baki zai yi godiya, Baba ya ce, "Tashi ka ba mutane wuri, ka je ka shayar da dabbobi. In ruwa ya rage ka gwada wankan." Ya fita da sauri neman motar Affala, yana cewa zai aiko da cuku.

Yana fita Baba ya sulale ya zauna a ƙasa, ƙafar na karkarwa. Na ji tausayinsa ƙwarai, don na ga tsayuwar nan ba abin da zai iya kullum ba ne. Ya daɗe yana murza gwiwa, sannan ya ce, "Ɗauko guntun ƙarfe." Na ɗauko na ɗaure. Na koma bayansa inda na saba, ya ce, "Ba nan ba. Can gaba."

Na tsaya ga pupe na ce, "Baba, ƙaƙa zan jingina?"

"Wa ya sani? Ni ma ban sani ba. Ta da inji."

Na farko ya yage, na biyu ya cakuɗe. Sai ya fara. Ya tambaye ni ko gaskiya ne ran da na je gaida surukaina jakinsu ya kore ni har cikin rumbu. Na ce ba haka anka yi ba, ya ce duk Tawa ta sani. Ya ce an ce matata ce ke riƙe makullin babur, sai na roƙa. Tun ina jin nauyi ina murmushi har na fara kare kaina da gaske, muryata na tashi gaban maigidana, abin da ban taɓa yi ba. Guntaye sunka taru a ƙasa, rana ta yi ja. Ina tsakiyar rantsuwa cewa jakin nan mahaukaci ne kowa ya shaida, sai na ga ya miƙo hannu yana neman ƙarfen da na cire. Ya ɗora ekuru ya murza. Ya warware ya sake murzawa. Bai ce ya yi kyau ba, ba ya cewa.

Ya dafa gadon tur ya miƙe, ya jawo kujerar kusa, ya hau.

"Ka aika Ƙonni a ce wa mutumin kada shi wahal da motarsa," in ji shi. "Gobe ka zo da wuri. Kai ke yanka, ni ke surutu."